Jegon Yaya a Shekarar da Aka Rushe Asibitinmu

Asibitin garinmu na da ɗaki biyu ne da baranda, ginin ƙasa, daga baya aka yi masa yaɓen siminti. Sha-ka-tafi ake ce masa. Ba gwamnati ce ta gina shi ba, kada wani ya zo yana yi mana gori. Gayya aka yi tun Baba yana saurayi, maza na kwaɓa ƙasa, mata na jido ruwa daga rijiyar bakin kasuwa, sannan hukuma ta turo ma'aikaci. Kafin nan, in ji tsofaffi, duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin wanzami da mai saiwa, a kan jaki ake ɗora shi a ratsa gonaki har bakin titin Ɗambatta.

Ni na tashi na tarar da wata malama a wurin, doguwa, mai faɗa, ba 'yar garinmu ba. Ita ke awon ciki, ita ke yi wa yara allura. Amma abin da aka fi saninta da shi, shiga gidaje. Duk inda aka haihu, bayan suna sai ga ta da jakarta, ba wanda ya gayyace ta. Ta sa mai jego ta miƙe ƙafa, ta danna mata ƙwauri da babban yatsa ta ga ko zai lotsa. Ta leƙa tukunyar kunu ta ce a rage kanwa. Tsofaffi su zage ta bayan ta fita, amma su rage. Baƙuwa ce, ba ta haifi kowa a cikinmu ba, ba ta jin nauyin kowa.

Ina aji biyar na sakandare aka ce za a ɗaga darajar asibitin. Aka zo da motoci, aka yi jawabi, aka rushe shi. Aka zuba harsashi, bulo ya kai iya taga, sai aiki ya tsaya cak. Malama aka mayar da ita wani gari. Awaki suka sami wurin shan inuwa. A wannan tsakanin ne, babu tsoho babu sabo, yayata ta haihu.

Yaya ce 'yar farin Inna. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Innarmu ta wuce misali. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunanta ba. "Waccan" take cewa. Ko tuwo za ta ba ta, sai ta dire kwanon a ƙasa ta ce da ni, "Ɗauki ki miƙa." Don haka da Yaya ta dawo gida wanka, haihuwar fari, sai Gwaggo, yayar Baba, ta taho daga unguwarsu ta karɓi jegon gaba ɗaya. Inna nata hura wuta ne da dafa abinci.

Kaka ce, ana yankan gero, gida cike da dammuna. Safe da yamma Gwaggo za ta tafasa ruwa a rabin duro, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa wa Yaya, tururi na tashi ta saman katangar banɗaki. Daga nan kunun kanwa cike da kwano, sai ta shanye ake karɓar kwanon. Yaya ba ta iya gardama ba, ba irina ba ce.

Bayan suna ƙafafunta suka fara hawa. Takalminta ya ƙi shiga, ta koma jan silifas ɗin Baba. 'Yan barka na cewa, "Kai, jego ya karɓe ki, dubi kumatu!" Sai tari ya zo. Sai kwanciya ta gagare ta, a zaune take barci jingine da bango. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa turmi ta huta.

Na ce da Gwaggo, "Wannan fa ba ƙiba ba ce, kumburi ne."

"Ga likita ta iso," in ji ta. "Sanyi ne ya shige ta, ruwan ne bai gasa ta ba. Ke nawa kika haifa?"

"Ko ɗaya. Amma ai ina da ido."

"Baki dai gare ki. Matsa mini daga hanya, uwar iyayi."

Ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa. Ba mugunta ba ce, wannan kam zan shaide ta. Haka aka yi mata, haka ta yi wa matan danginmu da yawa suka tashi garau. Ita a saninta kumburi ɗanyen jiki ne, maganinsa zafi.

Ni kuwa a gidanmu komai na gani sai na faɗa, har maganata ta zama kukan zabi, ba mai waiwayowa. Baba yana gona daga asuba har la'asar, kuma da na tare shi a zaure cewa ya yi harkar jego ta mata ce, Gwaggo ta fi shi sani. Mijin Yaya ya koma kudu wurin sana'arsa. Saura Inna.

Inna ta gani. Na san ta gani, don na kama ta tana sussuka idonta na kan ƙafar Yaya, taɓarya na sauka a leɓen turmi. Amma uwa ta buɗe baki a gaban dangin miji ta ce 'yar farinta ba ta da lafiya? A ce ta nuna son kai, ta raina wankan Gwaggo? Sai ta riƙa zagaye-zagaye. "Je ki ce da Gwaggonki baƙuwarta kamar ba ta cin abinci." Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba da kowa ba, "Da malamar nan tana nan." Ta tsaya a nan.

Na ce, "Inna, ki faɗa wa Baba da bakinki mana. Naki zai ji. 'Yarki ce fa!"

"Rufe mini baki, mara kunya," ta ce. Ta ci gaba da tankaɗe, gari na zuba a ƙasa.

Ranar da abin ya ɓaci ranar kasuwa ce, da hantsi. Gwaggo ta fito da ita daga wanka, Yaya ta kawo tsakar gida ta durƙushe, tana jan numfashi kamar wadda aka shaƙe, leɓenta ya yi toka. Gwaggo ta ce a kawo garwashi a yi mata hayaƙi. Sai Inna ta yar da faifan hannunta ta kira sunan Yaya, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ta rungume ta a gaban kowa, ta juyo gare ni ta ce, "Ruga gona ki ce da Babanku ya nemo mota. In bai nemo ba ni zan goya ta."

Motar 'yan kasuwa muka samu, muka zauna a kan buhunan gero. A Ɗambatta suka sa mata robar numfashi, suka yi mata allura, suka ce mu wuce Kano. A can likita ya ce zuciyarta ce ta kumbura ta gaza. Ya ce abin yakan sami mai jego ko ba ta yi wankan ba, amma kanwa da zafin sun ƙara mata nauyi, kuma da an kawo ta tun ƙafa ta fara hawa, da bai kai haka ba. Inna na zaune a tabarma a baranda na maimaita mata. Gwaggo kuwa ba wanda ya ɗora mata laifi. Bayan mun dawo ta aiko da kaza, ba ta zo ba.

An gama sabon asibitin daga baya. Akwai fenti, akwai sola, akwai gadaje. Ma'aikatan suna da kirki, daga birni suke zuwa a bas, su koma bayan azahar. Suna zaune suna jiran wanda aka kawo. Wanda kunya ta hana a kawo shi, babu mai bin sa gida. Ni ba tsohon ginin nake kewa ba, yoyo yake da damina. Abin da ke ci mini rai, an rushe shi kafin a tambayi ko mace ɗaya me ake yi a cikinsa da wajensa.

Yaya ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ba ta daka, ba ta jan guga, a zaune take salla kamar tsohuwa. Ɗanta a bayana da bayan Inna ya girma. Ni nake raka ta Kano ganin likita. Duk zuwa sai ta tambaye shi ko yanzu za ta iya sake haihuwa, ya ce a'a, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Zuwanmu na ƙarshe muna kan benci muna jiran layi, ta taɓa ni ta ce a hankali, "Yau ke za ki tambaye shi. Ki yi masa da Turanci, ki ce na ji sauƙi sosai."

Na tambaye shi. Ya dube ta, ya girgiza kai. Ban sha wahalar fassarawa ba.