Gwaggo Talatu Ta Tafi Roro

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan wani ɗan ƙauyenmu ya same ni a Gwammaja, ya ce Gwaggo Talatu mai man gyaɗa ta rasu. Kububuwa ce ta sare ta a gonar mutane.



Duk Juma'a take kawo man gyaɗa Kasuwar Kurmi, ta ƙunso mini ƙuli-ƙuli a yagaggiyar jarida. Da waɗannan takardu masu maiƙo na koyi boko, ba malami. Ta kan ce, "Cinye tukuna, ɗan banza, takardar ba guduwa za ta yi ba."

Ba ta taɓa roƙon namiji gishiri ba. Tana da gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, ga kuma roro. Tun kakanni, in maza sun cire gyaɗa, abin da ya saura a ƙasa na mata ne.

Sai gyaɗa ta yi daraja. Ɗanta ya haɗe gayaunar da gandu, wai kamfani na jira. Maza suka koma tonon gona sau biyu, ko kunya babu! Roron ma sun cinye. Shi ya sa tsohuwa ta nausa gonakin nesa ita kaɗai, tana tona ciyawa da hannu.

Ni ma ban fita daga laifi ba, jama'a. Karatun da ta ba ni shi ya sa wani dillalin gyaɗa ya ɗauke ni duba sikeli. Makon jiya ta zo rumfarmu da ƙwaryarta.

"Sani, sayar mini da tiya ɗaya."

Na ce, "Gwaggo, an ɗinke buhu."

Ta dubi buhunan nan har rufin rumfa, ta yi dariya. "To, in kun gama tura gyaɗar a jirgi, sai ku soya takarda ku ci."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Abin da ya fi firgita ni, wanda ya kawo labarin ya ce ya ga Innata ɗazu da ƙwarya a ka, ta bi hanyar gonakin nan na nesa, za ta roro.

Yanzu zan farke buhu in auna tiya biyu, in biya, in kai wa Inna ƙauye. Dillali ya kore ni in ya so.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta. Don Allah ku sa ta a addu'a, ku roƙa mini in tarar da Inna a gida.