Garin Kuka a Lagireto

Jama'a, yau na ga miyar kuka a cikin motata!

Kwana uku ke nan fitilar ruwan lagireto na kunne. Na cika ruwa, ta ƙi mutuwa. Gobe kuma likita ya ce in kai Inna Katsina. Sai na kai motar wajen bakanike a hanyar Zango. Ya bari inji ya huce, ya buɗe murfi, ya tsoma yatsa. Ya ɗago da wani koren abu mai yauƙi.

Ya ce, "Malam, wa ka ara wa motar nan?"

Na ce Kawu Sale ne, ya kai gyaɗa kasuwa.

Nan take na kira Kawu. Ya ce, "Yoyo ta fara mini a Dutsi, na zuba mata kuka ludayi biyu. Ai ya tsaya, ko?"

Yoyo kam ya tsaya. Amma bakanike ya ce kukar ta dahu a ciki, ta liƙe abin da ke auna ruwa, ta toshe lagireto. Aikin kwana biyu ne.

Na koma gida na tarar Inna har ta ɗaure katin asibitinta a bakin zani. Da na gaya mata, sai ta ce, "Kar dai ka yi wa ƙanena faɗa."