Bushra Ta Ƙi Goge Sunan Ubanta

Ni ce gwaggonta, Azumi, kuma a bayana ta yi wayo. Saboda haka in na ce Bushra taurin kai gare ta, ba ji na yi a bakin rijiya ba. Ƴar fari ce wajen yayana Mas'udu, mai naɗin moter a bakin kasuwar Dungas. Tun ranar da aka yanka mata rago, Yaya bai taɓa buɗe baki ya kira sunanta ba, don kunyar ɗan fari. "Ke" yake cewa, ko "yarinyar nan", in ransa ya ɓaci kuma "waccan". Ita ma ba ta taɓa faɗin nasa ba. Ko wani Mas'udun ta gamu da shi, "mai sunan Baba" take ce masa.

Abin dariyar shi ne, mutumin nan da sunan ƴarsa ya fi ƙarfin bakinsa ba ya ɗaura waya bai ambaci wanda ya koya masa ba. Ka kai masa moter ɗin injin niƙa ya ƙone, zai riƙa warware tagullar yana cewa, "Wannan naɗin wajen Dogo na Magariya na koya, Allah ya ji ƙansa." In ya zo wani wurin ya ce, "Wannan dabarar ta Sharifu na Guci ce." Masu kaya su ƙosa, su ce gyara suka kawo ba jin tarihi ba. Shi ko a jikinsa. Cewa yake wanda ya ci ilimin mutum ya haɗiye sunansa ɓarawo ne.

A rumfar nan Bushra ta tashi. A aike ta kai tuwo, sai an bi ta da bulala a dawo da kwanon. Da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta tafi Damagaram karatun lantarki, mata suka ce wa zai auri mai warin ƙonanniyar waya. Na ce musu su ji da nasu ƴaƴan.

A shekarun nan ne pampo mai aiki da rana ya cika garake, wato lambunan noman rani, daga Yekuwa har Guci. Tsakanin faifan rana da moter ɗin da ke cikin rijiya akwai wani akwati. Shi ke ba moter wuta sannu a hankali, ya ƙara masa gudu in rana ta yi ƙarfi, ya rage in ta yi sanyi. Yana da wata ƴar waya mai sauka cikin ruwa, muna kiranta mai gadi. In ruwa ya ja baya, ita ke sa akwatin ya tsayar da moter. To da bazara rijiyoyinmu ja suke yi, pampo ya yi ta tsayawa, masu garka su zo wajen Yaya suna cewa akwatin rago ne. Shi kuma ya je ya haɗe wayoyi biyu, ya tsallake mai gadi, pampo ya daina tsayawa. Har goro ake kawo masa.

Da Bushra ta zo rubuta memuwar, littafin da ake yi kafin a ba da dipulom, sai ta ɗauki hanyoyin da akwatin ke bi yana sarrafa moter. Ta kuma tattaro rubuce-rubucen masana na duniya a kan wannan, tana bin wa ya ambaci wa. Wani hutu ta buɗe mini ordinater ɗinta, wato kwamfuta, a tsakar gida, na ga ɗige-ɗige da zare kamar saƙar gizo.

"Gwaggo, kowane ɗigo rubutun wani ne," in ji ta. "Zaren kuma, wannan ya ambaci wancan ke nan."

Na ƙura ido. Ni fa uwar biki ce a unguwarmu, na san wace ke kai wa wace. Na nuna wani dunƙule a gefe na ce, "Waɗannan ƴan biki ne. Su ya su. Ki kai mini ranar sunana, in kai miki ranar naki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce yawancinsu masu gaskiya ne, amma wannan dunƙulen kam na gane shi. Abin da ya ci mata rai daban ne. An yi rubutu tuli a kan yadda moter zai juya daidai a manyan masana'antu, amma rijiyar da ke ja da bazara da ƙyar ta samu mai kula ta.

Sai ta koma rumfar ubanta. Ta bi ƙonannun moter ɗin da aka kawo masa, ya nuna mata yadda ake gane irin ƙunar daga launin tagulla, ta hau kabu-kabu ta je garaken da suka fito. Kusan duk inda ta je, ta tarar an tsallake mai gadi. Moter ya yi ta juyawa babu ruwan da zai sanyaya shi har ya gasa kansa. Hannun ubanta ne, ta gane ɗaurinsa. Ta rubuta duka: wajen wa ta koyi karanta ƙuna, da kuma dabarar wa ke ƙona moter ɗin. Suna ɗaya ne a wuri biyun, na ubanta.

Malamin da ke duba aikinta, Dokta Khalil, ya ja jan biro a kan sunan. Ya ce mai gyara a bakin kasuwa ba ya shiga jerin masana, ta rubuta "wani ma'aikaci" kawai. Ya miƙa mata wasu rubuce-rubuce nasa da na abokansa, ya ce ta ambace su.

"Malam, na karanta su," ta ce. "Ban ɗauki komai a ciki ba."

Ya ce to ba zai sa hannu ba, kuma in bai sa ba, sai baɗi.

Ni na ɗauka Yaya zai ji daɗi. Ina! Da labari ya iske shi sai da ya jefar da abin da ke hannunsa. Ya zo gidana ya same mu, ya juya mata baya yana magana da ni.

"Azumi, gaya wa waccan ta cire sunana. Ta tona mini asiri gaban manya, kuma da bakinta za ta kira ni kamar sa'anta?"

"Baba," ta ce, kanta a ƙasa, "kai ka ce wanda ya haɗiye suna ɓarawo ne."

"Mai koyarwa na ce a ambata, ba mai kuskure ba!"

"Wajenka na samu duka biyun, Baba. Ba zan ɗauki ɗaya in ɓoye ɗaya ba."

Ya fita ko sallama babu. Ni ma na lallashe ta, na ce malami ya ce cire, mai sunan ya ce cire, ke wa kike yi wa? Ta ce, "Gwaggo, ba biki nake yi ba." Wallahi na ji haushi, na kuma ji wani abu mai kama da alfahari, ban san wanda ya fi yawa ba.

Shekarar ta wuce ta. Sa'o'inta suka karɓi dipulom, ita ta dawo Dungas da jakarta. Bakin mata ya buɗe: boko ya kore ta, ta raina ubanta, dama mun faɗa. Ita kuwa ta kama aikinta. Kullum da safe ta ɗaura kallabi ta hau kabu-kabu, garka bayan garka, tana kwance ɗaurin ubanta tana mayar da mai gadi. Ta rage wa akwati gudu yadda moter zai ja ruwa kaɗan-kaɗan, rijiya na mayarwa. Wasu suka kore ta, suka ce ruwan ya koma kamar na buta. Waɗanda suka bar ta kuwa sun fita bazara da moter ɗinsu lafiya. Aikin naɗi ya ragu a rumfar Yaya, ya kuma san dalili. Ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa, ya kuma hana ta zama a rumfar.

Da shekara ta zagayo, wata malama, Madam Safiyatu, ta karɓi aikin ta sa hannu ba ta taɓa sunan ba. Ranar kare littafin na je Damagaram, Yaya ya ce yana da aiki. Ina zaune a baya, ban fahimci faransancin ba, amma na ji lokacin da ta zo wurin. Ta tsaya, ta ɗaga kai ta ce, "Mas'udu Bubakar, mai naɗin moter, Dungas." Na rufe fuska da mayafi don kunya, hawaye na zuba a ciki. Aka ba ta dipulom ɗinta.

Muka dawo, bai tambaye mu yadda aka yi ba. Amma ya daina hana ta zama a rumfa.

Wata ranar kasuwa na kai musu fura. Bushra na can ciki tana feƙe waya. Sai ga wani mai garkar albasa daga Yekuwa, ya ce pamponsa na tsayawa, Yaya ya zo ya tsallake masa mai gadi yadda ya saba.

"Na daina," in ji Yaya. "Rijiyarka ce ta ja. A rage masa gudu, ka samu ruwa har yamma, moter ɗinka ya tsira."

"Yau kuma? Wannan ta Dogo ce ko ta Sharifu?" mutumin ya tambaya yana zolaya.

"Wannan wajen…" Yaya ya fara, sai ya tsaya.

Da ya ce "yarinyar nan" ba wanda zai ga laifinsa, ni ma abin da nake jira ke nan. Ya dubi tagullar da ke hannunsa, ya daɗe. Wuƙar Bushra ta daina motsi.

"Wajen Bushra na koya," ya ce.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da feƙe wayar nan da ta riga ta feƙe, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Ni kuwa na tsaya riƙe da ƙwaryar fura na rasa inda zan ajiye ta.