Ramin Wenzu Sai Ya Kai Ƙugu

Shekara arba'in da ɗaya muna katanga ɗaya da Wenzu Farrugia a yammacin Melbourne, kuma in aka ce in faɗi halinsa a taƙaice, sai in ce ɓaure da taurin kai. Yana ɗan shekara goma sha tara ya sauko daga jirgin ruwan Malta da akwati ɗaya da reshen ɓauren babansa a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa. Reshen nan ya zama bishiyar da har yau take zubo mini ganye a tsakar gida, ina shara ina tsine mata.

Duk wanda ya yi sabon gida a danginsu, Wenzu ne zai je ya dasa masa reshe. Kuma dokarsa ɗaya ce, wadda kowa ya haddace har jikoki na kwaikwayonsa da ita: rami sai ya kai ƙugu. In ka tsaya a gwiwa, sai ya ce kabarin kyanwa ka haƙa.

Mun san juna ne a masana'antar batir da ke bakin kogi. Shi yana tuƙa katafila, ni ina zuba wa ma'aikata shayi a ɗakin cin abinci. Wata Asabar da rana a 1978, ogansu ya sa shi ya haƙa ƙaton rami a bayan bututun hayaƙi. Aka gangaro da gangunan dagwalon dalma, wasu har suna yoyo, Wenzu ya tura su ciki ya mayar da ƙasa ya daddanne. Ta taga na gani, da butar shayi a hannuna. Da ya shigo na zuba masa, ya sha, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Haka muka yi shirunmu har muka tsufa, kuma ba na alfahari da shi.

Masana'antar ta rufe a 1991. Wurin ya zauna kango shekara talatin, ciyawa ta cinye ko'ina har ta kai ƙirjin mutum, amma ban da bayan bututun nan. Can ko ƙaya ba ta fito ba.

Sai masu gina gidaje suka saye filin. Suka rushe komai, suka bar bututun wai don tarihi. Suka kankare saman ƙasa, suka shimfiɗa wata raga mai ruwan goro, suka zuba sabuwar ƙasa a kanta kamar kamu ɗaya. A takardun kowane gida an rubuta cewa kada a haƙa a wuce ragar. To wa ke karanta shafi na sittin?

Bara jikarsa Renae ta zo ta roƙi reshe don ƙawarta Linh da ta tare a sabon gida. Wenzu ya yanka mata mai kyau, ya bi ta har mota yana faɗin, "Ki gaya wa mijinta, ƙugu fa!" Bai tambayi inda gidan yake ba.

Bana kuma Renae ta zo da cikinta wata shida, tana murna. Ita da mijinta Dean sun sami gida a sabuwar unguwar, kusa da na Linh.

"Nannu," haka take kiran kakanta da yaren Malta, "a wurin aikinka na da! Ina buɗe taga sai bututunku."

Wenzu ya ajiye kofinsa. "Ta gaba ko ta baya?"

"Ta baya. Tsoho, me ya sa ka yi fari haka, ko kishi kake na bar ka?"

Washegari ya sa na raka shi. Ya jingina bayansa da bututun, ya fara taku yana ƙirgawa da yaren Malta, ni ina biye da sandata. A taku na sittin da biyu ya tsaya, daidai inda ya binne gangunan. Gabanmu katangar Renae ce, sabon fenti, har da 'yar tabarmar maraba a ƙofa.

Na ce, "Wenzu, ka gaya mata."

"Sun gyara wurin, Cetta. Masu ilimi ne, da na'urori suka zo."

"Sun tono gangunan?"

"Ni aikin da aka ba ni na yi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, tsohon kurma."

Ya juya ya bar ni tsaye. Na san abin da ke cinsa. Mutumin da danginsa kaf suka ɗauka cewa duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya yi albarka, yaya zai buɗe baki ya ce ga abin da ya shuka? Ni ma tsoro ya hana ni, don in na tona shi na tona kaina.

Ranar dashe a gidan Renae ta faɗo wata Lahadi a watan Yuli, tsakiyar hunturun Melbourne, ana sanyi mai shiga ƙashi. Dangi suka cika 'yar farfajiyar, ana zagayawa da farantin pastizzi mai zafi, wato gasasshen fanken Malta mai cuku a ciki. Wenzu ya zo da reshen a jiƙaƙƙiyar safa kamar kullum. Na zaci zai ce a sa a tukunya. Bai ce ba. Tunda Wenzu ya kusa shekara tamanin, Dean ne ya karɓi shebur.

Da ramin ya kai gwiwa, shebur ta sarƙe. Dean ya duƙa ya jawo wani abu mai ruwan goro.

"Wannan kuma ragar mece ce?"

Wani kawun Renae ya ce, "Sharar magina ce, yanke ta. Ka tsaya a nan ka ji tsoho ya ce kabarin kyanwa!"

Aka kwashe da dariya. Renae ta miƙo almakashin lambu tana cewa, "Ƙugu, Dean, ƙugu! Kada ka kunyata ni gaban Nannu." Na dubi Wenzu. Ya ƙanƙame safar nan har ruwa na ɗiga a takalminsa.

Dean ya yanke ragar. Shebur uku, ƙasar ta sauya daga baƙa zuwa toka-toka mai danƙo. Sai warin ya taso, tsami-tsami da ƙarfe-ƙarfe. Rabona da shi tun ina kwashe kofunan ma'aikata, amma hancina bai manta ba. Renae ta matso ta leƙa ramin, hannunta a kan cikinta.

"Ja da baya!"

Ban taɓa jin Wenzu ya yi tsawa haka ba. Ya fizge shebur ɗin ya jefar. Sannan ya faɗa musu duka, Asabar ɗin da gangunan da taku sittin da biyu. Na ce ni ma na gani, don kada ya ɗauki kayan shi kaɗai.

Renae ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Sai ta juya a hankali ta nuna katangar da ta raba su da maƙwabta.

"Nannu, na Linh fa? Mijinta ya kai har ƙugu. Ni na tsaya a kansa."

Wenzu ya taka ya dafa katangar ya leƙa, ni ma na leƙa. Reshen bara ya kama, ya kai kafaɗar mutum. Ƙasar da suka tono ba su zubar ba, sun baje ta a gindinsa, toka-toka. 'Yar Linh mai shekara biyu tana zaune a kai da cokalin roba, tana tuƙa tuwon ƙasa. Da ta ga tsoho, ta yi masa murmushi, ta ɗebo cokali ɗaya ta miƙo masa.