Sabon Inji da Tsohuwar Salansa

Ƙarfe bakwai da kwata na wata Laraba abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne domin tun ina ƙarama ni ce mai leƙa agogon ɗakinmu, kuma a daidai nan babur ɗin Baba yake shigowa lungu kullum. Ran nan bai shigo ba.

Gidanmu a Zongon Kumasi gidan haya ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida. Bayan magariba duk yaran gidan a gindin kurfotin Kaka, murhunta na gawayi, muke taruwa. Kaka mahaifiyar Baba ce, daga Tawa ta ƙasar Nijar aka zo da ita tana budurwa. Gyaɗa take soyawa a cikin yashi, a ƙulla a sayar da safe. Idanunta sun riga sun yi yana, don haka da kunne da hanci take suyar. Hannu yana juya cokali, baki yana ba da tatsuniya.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da take ajiyewa ta ƙarshe. Sai ta ce, “Ga ta nan, ta taso tun daga Tawa a ƙafa.” Mu ce, “Ta shigo ta huta.”

Labarin wani jaki ne da ake aika kasuwa shi kaɗai ya ɗauko gishiri. A gida akwai wata tsohuwa, miyarta tana kan wuta, gishirin take jira. Kowace rana jakin yana gamuwa da wani abu daban: yau kogi ya cika, gobe kura ta tare shi tana tambayar hanya, jibi kunkuru ya roƙi a rage masa tafiya. Amma kafin ya kai ƙofar gida sai a ji ƙarar babur daga bakin lungu, Kaka ta buga cokali a bakin kasko ta ce, “To, ku tashi, gyaɗa ta yi.”

Ni yarinya ce mai jin nauyin magana, abokaina littattafai, kuma kowane littafi yana da shafin ƙarshe. Wata rana na daure na tambaya, “Kaka, jakin yana isa gida kuwa?”

Ta ce, “Malama, jaki ai ba jirgi ba ne. Ki bar shi ya yi tafiyarsa.”

Baba gyaran keken ɗinki yake yi, yana bin shagunan teloli daga Bantama har Dichemso. Babur ɗinsa ya girme ni. An liƙe salansarsa da gwangwanin madara, ƙararta kamar tsoho mai gyaran murya. Kaka ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, “mai moto” take cewa. Da safe yakan tsuguna ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Na ɗauka haka kawai suke.

A wannan Larabar jakin ya haye kogi, ya sake haye wani. Aka kira isha'i, Kaka ba ta motsa ba. Ta ƙaro masa dutse, ta ƙaro masa daji, har muka ji ƙauri. Gyaɗar Kaka ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba. Sannan Baba ya shigo yana tura babur, rigarsa jiƙe da gumi.

Ya ce wa Inna, mahaifiyata, “Inji ya buga a hawan Bantama. Baƙin mai ya tsiyaye ban sani ba.”

Kaka ba ta yi masa sannu ba. Ta ce mana, “Ku kwashe wannan ku zubar.”

Ranar Asabar Baba ya tafi da ni Magazin, unguwar makanikai, wai in ga duniyar da ba ta cikin takarda. Fitansa, mai gyara masa babur, wani Ba'asante ne, Masta Kofi, Hausarsa ta kasuwa. Ya buɗe injin ya nuna mana fistin ya narke ya manne.

Ya ce, “Malam, wannan ya mutu. Sai mu sa wani.”

Aka samo na hannu, irin wanda ake kawowa daga waje. Na zauna a kan wata taya ina kallo. Masta ya cire tanki, ya zare sarƙa, kowace waya da ya tsinke sai ya ɗaura mata zare don ya gane ta, kowane noti ya jefa a gwangwani. Shi da Baba suka ɗaga tsohon injin suka ajiye shi a ƙasa a hankali, kamar mara lafiya. Da aka zaunar da sabon, rami ɗaya bai yi daidai ba. Masta bai buga da guduma ba. Ya yanko ɗan ƙarfe, ya goge, ya gwada, ya sake gogewa, har ya zauna. Ban taɓa ganin mutum mai haƙuri da ƙarfe kamarsa ba.

Daga nan ya ɗauki tsohuwar salansar da yatsu biyu. “Wannan kuma jefar. In ba ka sabo kyauta.”

Baba ya ce, “A'a, Masta, mayar mini da ita.”

“Gwangwanin madara ne fa.”

“Na sani. Akwai mai sauraro a gida.”

Masta ya dube shi, ya ce, “Yoo, na ji.” Da ya gama ɗaurawa ya ƙara da cewa, “Kakra-kakra, sannu-sannu, za ka tafi da shi, kar ka matsa. Bai san ka ba tukuna.”

Duk da haka muryar babur ɗin ta canza. Ta zama siririya, ba tari. Ranar farko babur ya shigo lungu, ya tsaya a zaure, Kaka tana ta ba da labari. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu yana jin jakin a karon farko. Sai da ya yi sallama cokalin Kaka ya tsaya.

Ta ce, “Wa ya shigo mana da moton mutane?”

Yara suka yi dariya. Ni ina kusa da wutar, na ga fuskarta, ba dariya a ciki.

Washegari tatsuniyar ta sake. Zuciyar jakin ta gaji a hanya, wani maƙeri ya cire ta ya sa masa ta wani jaki daga ƙetaren teku. Baƙuwar zuciya ba ta san hanyar gida ba, amma ƙafafu sun sani, su ne za su koya mata. Kaka tana faɗa tana dakatawa a tsakiyar magana duk lokacin da wani babur ya wuce. Wani lokaci ta ɗaga cokali, ƙarar ta wuce gaba, ta mayar da shi cikin yashi.

Akwai kwata kusa da masallacinmu da aka shimfiɗa wa katako. Baba yana da yadda yake haye ta: ya sassauta, ya sauke giya, ya ɗan ja mai sau ɗaya. Wata yamma, tun ƙarar tana can nesa, Kaka ta buga bakin kasko.

“Ku tashi, gyaɗa ta yi.”

Muka ce, “Kaka, ba shi ba ne.”

Ta ce, “Zuciyar baƙuwa ce. Hannun na mai moto ne.”

Shi ne kuwa.

Kaka ta rasu ina sakandare. Yanzu ina jami'a, ana koya mana yadda ake gina labari, da farkonsa da ƙarshensa, kuma sau da yawa a aji nakan tuna matar da ba ta gani, ta zauna ta sake koyon muryar inji daga farko ba tare da ta nemi kowa ya taimake ta ba. Amma jakin bai daina damuna ba. Babur ɗin yana nan, da injin Masta Kofi da salansar gwangwani. Wata safiya na tarar da Baba yana goge fulogi a zaure, na tsuguna kusa da shi.

“Baba, jakin Kaka, yaya ya ƙare? Ba ta taɓa faɗa mana ba.”

Ya hura fulogin.

Ya ce, “Ni ne ɗanta na fari, Malama. Ɗan fari uwarsa ba ta kiran sunansa, balle ta ce tana jiransa, shi ya sa ta ce gishiri take jira. Ai kin sha ganin ƙarshen labarin. Kullum ƙarfe bakwai da kwata yake shigowa, ya jingina a zaure.”