Ɗakin da Shitu Ya Gina wa Inno

Shitu na Mahuta taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ko yana kabari ina da damar tsokanarsa. Allah ya jiƙansa. Manomi ne mai ƙwazo, ba ya ƙarya, ba ya cin na wani. Aibinsa ɗaya: ko gemunsa ne ya kama wuta, sai ya ce a bari a gama girbi.

Shekarar da ubansa ya rasu, damina ta rushe ɗakin uwarsa Inno. Gidan ya rage ɗaki biyu, na Shitu da na matarsa Barakatu da 'ya'yanta. Inno na fita takaba aka kai ta gidan ƙanenta a Kafur, aka sauke ta a ɗakin niƙa, tana kwana tsakanin dutse da tuluna. Duk falken da zai bi ta Mahuta da jakinsa sai ta ba shi saƙo. Ba ta faɗin sunan Shitu, tunda ɗan fari ne. Cewa take, "Ka gaya wa wancan, ba na so in mutu a gidan wani."

Da kaka ta kama, ina zaune a tsakar gidansu ina kaɗi, Barakatu ta tayar da maganar.

"Malam, kududdufi cike yake. Ka haƙi ƙasa yanzu a kwaɓa, a yi tubali, kafin ruwan ya janye."

Shitu ya ce, "Dawa na tsaye a gona, auduga ta fashe, ki ce in shiga laka? Wa zai taya ni? Kowa na gonarsa. A bari sai bazara, hannu ya sake, rumbu cike, in kira gayya."

Na ce, "Da bazarar, da me za ka kwaɓa ƙasar, da yawunka?"

Ya ce, "Ke Hajjo, ji da mazarinki. Yaushe kika taɓa gina ko akurki?"

In za a faɗi gaskiya, maganarsa ba shirme ba ce. Da kaka akwai ruwa babu hannu, da bazara akwai hannu babu ruwa. Haka talaka yake rayuwa tun kakanni, ya kama nan can ya zube. Amma wanda uwarsa ke kwana da dutsen niƙa ba shi ne zai tsaya zaɓen lokaci ba.

Aka yi girbi, aka kai dawa rumbu. Rani ya shiga, Shitu ya zauna a masaƙa yana ta jifa da ƙoshiya. Da zafi ya sauko ya ɗauki fartanya ya nufi kududdufi, ya tarar ya tsage kamar dugadugina. Sai ruwan rafi, shi ma sai an tona yashi. Barakatu da 'ya'yanta mata suka dinga jigila da tulu, safe da yamma, har gashin tsakar kanta ya zube. Ni na dinga yi masa mita a madadinta, kullum.

Tubali bai gama shan rana ba hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ana cikin haka sai ga Inno a kan jaki, da tukwanenta da tabarmarta. Wani ya gaya mata an fara gini, ba ta jira a aiko ba.

Nan Shitu ya rikice, ya kira gayyar da ya daɗe yana alkawari. Ita kuwa gayya ta gona ce, a zo da safe a cinye aiki kafin la'asar. Katangar ƙasa ba ta son haka. Jeri ɗaya ake ɗorawa, a bar shi ya bushe, sannan a ɗora wani. Barakatu ta faɗa masa, ya ce ruwa ba zai jira shi ba. Samari suka zo da makaɗinsu, suka sha kunu, ganga ta shiga kansu, kowa yana so a ga tsawon gefensa. Kafin rana ta faɗi ɗaki ya miƙe. Washegari suka ɗora jinka a kan ɗanyar katanga, aka yi guɗa.

Ruwan farko ya sauko da azahar. Allah ya sa Inno ta shiga maƙwabta gaisuwa. Katangar ta kumbura, ta durƙusa, jinka ta zauna a kan tukwanen da ta ɗauko tun daga Kafur. Ko ɗaya bai tsira ba.

Shitu ya tsaya cikin ruwa yana kallo. Da ƙyar ya ce, "Inno, ko za ki koma wajen kawu, zuwa kaka?"

Ta ce wa Barakatu, ba shi ba, "Gaya masa jakin ya tafi."

Ta kwashi tabarmarta ta shige ɗakinsa. Shi ya koma zaure, ya yi damina a can da sauro da yoyo, yana tari kamar tsohuwar akuya. In na zo wucewa sai in ce, "Sannu da hutawa, sarkin magina."

Da kaka ta zagayo bai jira kowa ba. Da asuba ya kwaɓa ƙasa ya ɗora jeri ɗaya, sannan ya tafi gona. Tsuntsaye suka ci rabonsu a dawarsa, audugarsa ta zube ƙasa, bai kula ba. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Kafin sanyi ya ƙare ɗaki ya tsaya daram, ƙarami, da 'yar gajeruwar ƙofa daidai tsohuwa. Barakatu ta yi daɓe, ta share.

Shitu ya je ya durƙusa, ya ce, "Inno, an gama."

Ta leƙa, ta shafa katanga, ta sa albarka. Sannan ta ce ita fa ƙashinta ya saba da inda take, tsohuwa ba ta yawan ƙaura.

Shitu ne ya tare a sabon ɗakin. A ciki ya tsufa, kullum sai ya sunkuya zai shiga, goshinsa bai rabu da ƙulu ba. Inno kuwa ta ƙara shekaru masu yawa, ta rasu a gidan ɗanta, a kan gadonsa.