Robar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Zannuwa

Shekarun baya, an yi wa mijina tiyatar rage tumbi a wani asibiti a Kano, saboda ƙiba ta kai shi ko ruku'u ba ya iyawa. Ranar sallama, likita ta miƙo min wata 'yar roba mai bututu da ƙwallaye uku a ciki.

Ta ce, "Kowace awa ya zuƙi iska ta nan har ƙwallayen su tashi. Ya yi tari, ya zauna, ya taka. Bayan irin wannan aiki, kwanciya ce ke toshe huhu."

Na ce to. Amma a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya, inda mace ke jinyar masoyinta da mafici da tattausan kalamai. Ban taɓa karanta wadda ta tilasta wa mijinta tari ba.

Da muka koma gidanmu a garin Yako, mijina ya gwada ta. Ƙwallo ɗaya ce ta ɗan motsa, ya dafe ɗinkin cikinsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Haba gimbiya, na tsallake wuƙar likita, kayan wasan yara ne zai kashe ni?"

Zuciyata ta narke. Na cusa robar a ƙarƙashin zannuwana. Na rufe tagogi kada iska ta buge shi, safe da yamma ina bulbula masa turaren wuta. Ko yunƙurin tashi ya yi sai na mayar da shi.

Mahaifiyarsa ta ce, "Allah Ya yi miki albarka 'yar nan, ko ƙuda ba kya bari ya sauka a jikinsa."

Kwana shida sai zazzaɓi, numfashi yana fita da ƙyar. Da muka koma asibiti, likitar ta dube ni.

"Ƙwallo nawa yake ɗagawa yanzu?"

Na sunkuyar da kai. Huhunsa ya riga ya cika. Kwanansa uku a can ya rasu.

A zaman makoki kowa yabona yake: ba a taɓa ganin jinya irin tawa ba. Na san kwanansa ne ya ƙare, amma har yau yabon nan ne ke ci min rai. Da ma wani ya zage ni.

Robar tana nan. Wani lokaci nakan ɗauko ta na zuƙa. Duka ukun suke tashi, ba wata wahala.